Asalin Kalmar "Sugar": Tambayoyi da Amsoshi

Kalmar Turanci *sugar* tana cikin 'yan kalmomin da masana tarihin harshe suka iya bin sawunsu zango bayan zango, tun daga Indiya har Ingila. Mu Hausawa muna da hannu a cikin zancen, domin kalmar ta iso mana sau biyu, ta hanyoyi biyu daban. Ga tambayoyin da aka fi yi game da ita.

A taƙaice, daga ina kalmar ta fito?

Daga Sansakirit, tsohon harshen addini da ilimi na Indiya, inda ake cewa *sharkara*. Farisawa suka karɓa suka ce *shakar*. Larabawa suka karɓa daga Farisawa suka ce *sukkar*. Daga bakin Larabawa ta shiga Italiyanci a matsayin *zucchero*, ta shiga Latin ɗin malaman coci a matsayin *succarum*, Faransawa suka mayar da ita *sucre*. Daga Faransanci ta tsallaka zuwa Ingila a wajejen ƙarshen ƙarni na 13, inda aka riƙa rubuta ta *sucre*, *sugre* ko *suger* kafin rubutun ya tsaya a kan *sugar*. Harsuna shida ke nan a jere bayan Sansakirit, kuma kowanne ya karɓi sunan ne tare da kayan.

An ce asalin ma'anarta tsakuwa ce. Me ya haɗa sukari da tsakuwa?

Gaskiya ne. Kafin ta zama sunan abin zaƙi, *sharkara* tana nufin tsakuwa, ko ɓarɓashin dutse, irin wanda ake takawa a bakin rafi.

Wanda ya taɓa ganin yadda ake mazarƙwaila a ƙasar Maƙarfi zai gane dalili. Ana matse rake, a tara ruwan, a ɗora shi a wuta cikin manyan kaskuna, ana kwashe kumfa ana juyawa har ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuba a ƙananan kwanuka ya daskare. Idan ka ɓantari mazarƙwaila ka murza a tafin hannu, za ka ji 'yan ƙwayoyi masu kaushi suna gogar fata. Indiyawa sun ci gaba daga nan: suka gano yadda za a bar ruwan ya huce a hankali, a tsane madin da ya rage, a bar ƙwayoyin su kaɗai. Abin da ya fito ya yi kama da yashi mai tsakuwa, sai suka kira shi da sunan da suke da shi a hannu. Wato sunan bai dubi ɗanɗano ba, siffar abin ya duba. Kuma wannan siffa ita ce ta ba shi damar tafiya. Rake yakan fara lalacewa kwana ɗaya ko biyu bayan an sare shi, ruwansa kuwa ba ya jimawa yake tsami. Busassun ƙwayoyi kuwa sai a ɗura a buhu a ɗora wa raƙumi, su yi watanni a hanya babu abin da ya same su.

Ashe Indiyawa ne suka fara noman rake?

A'a. Raken da ake sha mai kauri an fara noma shi ne a tsibirin Niyu Gini, dubban shekaru da suka wuce, ya bazu ta tsibiran kudu maso gabashin Asiya. Gudummawar Indiya ita ce fasahar mayar da ruwansa ƙwayoyi. Fasahar ta yi suna har a shekarar 647 Sarki Taizong na daular Tang a ƙasar Sin ya tura wakilai zuwa Magadha, a arewacin Indiya, su koyo ta.

Girkawa da Rumawan da sun san shi?

Sun ji labarinsa, kaɗan daga cikinsu sun gan shi. Niyarkus, kwamandan jiragen ruwan Iskandar na Makidoniya, ya je Indiya wajejen 325 kafin miladiyya, ya ba da labarin wani kara da ke fid da zuma babu ƙudan zuma. A ƙarni na 1 na miladiyya likita Diyoskoridis ya bayyana wani abu da ya kira *sakkharon*, ya ce kamar gishiri yake, yana marmashewa a tsakanin haƙora, kuma yana da amfani ga ciki. Filini, marubucin Rum na wannan zamanin, ya ambace shi da Latin, *saccharum*, ya ce a magani kawai ake amfani da shi.

A nan akwai abin lura. Wannan suna na Girkanci ya zo ne ta wata hanya da ta riga ta Larabawa, kuma ba shi ne ya haifi *sugar* ba. Ya kwanta a littattafan likitanci yana jiran ranarsa. Rashawa dai sun ɗauke shi, shi ya sa suke cewa *sakhar* har yau.

Amma ba kalmar Larabci ba ce tun asali? Ai akwai "sakar" a Alƙur'ani.

Wannan tambaya tana yawan fitowa daga bakin ɗaliban Larabci, kuma tana da hujjar fitowa. A Suratun Nahli, aya ta 67, an ambaci *sakaran wa rizƙan hasanan* daga 'ya'yan dabino da inabi. Sai dai *sakar* ɗin nan daga tushen da ke nufin maye yake, tushen da ya ba da *sakran*, wanda ya bugu. Tsohon tushe ne da Larabci ya yi tarayya da Ibrananci a kansa, inda *shekar* ke nufin abin sha mai sa maye. Wannan kalma ta Ibrananci ma ta yi tata tafiyar, ta Girkanci da Latin da Faransanci, ta zama *cider* a Turanci, wato ruwan tuffa da aka tsima. Haruffan sun zo ɗaya da na *sukkar*, amma gidajen daban ne. Haka nan *shukr*, godiya, ba ta da alaƙa da zancen.

Masu ƙamus na Larabci na da ba su ɓoye wannan ba. Da suka zo kan *sukkar* sun rubuta cewa *farisiyyun mu'arrab* ce, wato Bafarisiya ce da aka Larabtar.

Akwai kuma shaida a cikin sautin. Larabawa sun saba mayar da *sh* na Farisanci zuwa *s* idan suka ari kalma. Farisawa na cewa *mushk*, Larabawa suka ce *misk*, mu muka ce almiski. Birnin da Farisawa ke kira Nishafur shi ne Naisabur na Larabawa, garin Imam Muslim. Sarki Shafur ya zama Sabur. To haka *shakar* ta zama *sukkar*. Irin wannan shaida nake ganin ta fi ƙarfi, domin ba kalma ɗaya ce ta yi kama da wata ba, ƙa'ida ce da ta maimaitu a kalmomi da yawa.

Tarihi ma ya goyi bayan haka. Kafin Musulunci ya isa Farisa, ana noman rake a yankin Khuzistan. Da rundunar Hiraƙla, sarkin Rum ɗin nan da masu karatun sira suka sani, ta ci fadar Kisra da ke Dastagird bayan yaƙin Ninawa na 627, an lissafa sukari cikin ganimar da aka samu, tare da siliki da barkono da citta. Wannan ya nuna matsayinsa a lokacin: kayan taskar sarki ne.

Ta yaya ta shiga Turai, kuma me ya sa Sifaniyawa ke cewa "azúcar" da "a" a gaba?

Bayan Musulmi sun ci Farisa, sun ɗauki rake da dabarun ban ruwa suka kai Masar da Sham da Maroko, suka kai Andalus da suka shiga a 711, da tsibirin Sisili da suka fara ci a 827. Masar ta yi fice wajen tace farin sukari.

Ta ƙofa biyu kalmar ta shiga Turai. A Andalus, inda Larabci ya zauna ɗaruruwan shekaru kafaɗa da kafaɗa da harsunan ƙasar, mutane sun ɗauki kalmar duk da *al-* ɗinta. Kasancewar *s* harafin shamsiyya ne, ana furta *as-sukkar*, shi ya ba da *azúcar* a Sifaniyanci da *açúcar* a harshen Fotugal. A Italiya kuwa, inda 'yan kasuwar Benis da Jenowa ke sayo kaya daga Iskandariya da tashoshin Sham, an ɗauke ta tsirararta, *zucchero*. Daga Italiya ta haura arewa: Jamusawa suka ce *Zucker*, Faransawa *sucre*. Da Ingilishi ya aro ta daga Sifaniya, da yau da wasali take farawa.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin harshensa cike yake da irin wannan. Asuba daga *as-subh* take, Asabar daga *as-sabt*, azumi daga *as-saum*, daidai yadda *azúcar* ta fito daga *as-sukkar*. A albasa da alƙalami da alkama *al-* ɗin ya fito fili. A littafi da labari da lafiya *l* ɗin kaɗai ya tsira. Sabulu da sukari kuwa sun shigo babu shi gaba ɗaya, kamar na Italiyawa.

Yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya sun ƙara yaɗa sunan. A 1099 mayaƙan Turai da yunwa ta gallaba sun tarar da gonakin rake kusa da Tarabulus ta Sham, suka yi ta sha. Daga baya mutanen Benis suka mallaki gonakin rake a kusa da birnin Sur na Lebanon ta yau.

Yaushe Ingilishi ya same ta, kuma me suke cewa kafin nan?

Kafin nan ba su da kalmar saboda ba su da abin. Zuma ce abin zaƙinsu. Bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da na masu hannu da shuni, kuma ta bakinsu sunayen kayan alatu da na girki suka riƙa kwarara cikin Ingilishi. *Sugar* na cikinsu.

Tsadarsa a lokacin ta wuce misali. A 1226 Sarki Henri na Uku ya aika wa magajin garin Winchester cewa ya nemo masa fam 3 na sukarin Iskandariya, in har za a iya samun mai yawa haka a wajen 'yan kasuwa. Fam 3 bai kai kilo ɗaya da rabi ba, abin da mai shayi zai ƙarar kafin hantsi. A wajen masu sayar da magani da kayan yaji ake samunsa, ana auna shi kaɗan-kaɗan kamar kanumfari, ana kulle shi a akwati.

Me ya sa ake rubuta "s" amma a furta "sh"?

Mutane da yawa idan suka ji *sharkara* da *shakar*, sai su ɗauka cewa *sh* ɗin Turanci gadon kakanni ne. Ba haka ba ne, katari ne kawai. Wannan *sh* na Indiya da Farisa ya mutu tun a bakin Larabawa, kuma duk tsawon tafiyar kalmar a Turai babu shi.

Abin da ya faru a Ingila shi ne: wasalin *u* na Faransanci bai zauna a bakin Ingilishi ba, sai ya koma kamar *yu*. Kalmar ta zama *syugar*. Idan ka furta *s* da *y* a jere da sauri, harshe yakan ja baya su narke su zama *sh*. Gwada ka ji. Wajejen ƙarni na 17 wannan furuci ya bazu, a lokacin kuwa rubutu ya riga ya kafu, ba a sake taɓa shi ba. Abin da ya sami *sure* ke nan ita ma, da tsakiyar kalmomi irin su *pressure*. Akwai lokacin da wasu ke furta *suit* da *sh*, amma malaman furuci suka yi ta tsangwama har aka koma *s*. *Sugar* da *sure* sun tsallake wannan gyara.

Shi kuwa *g* da ya maye gurbin *k* na *sucre*, ya fara bayyana tun a rubuce-rubucen Faransancin Ingila. Akwai makamancinsa a *flagon*, tulun giya, da ta fito daga *flacon*.

To sukari da suga, wanne ne Hausa ta gaskiya?

Duka biyun. Sukari ta zo daga Larabci, ta hanyar fatauci da karatu da ta haɗa ƙasar Hausa da Arewacin Afirka, aka ƙara mata wasali a ƙarshe kamar yadda Hausa ke yi wa baƙin kalmomi. Suwahili ma *sukari* suke cewa, daga tushe ɗaya. Suga, ko siga a bakin wasu, ta zo daga baya, daga Turanci, ta teku, tare da kantunan Turawa da kwalin suga mai ƙwaya. Babu *r* a ƙarshenta domin Turawan Ingila ba sa furta shi. Yarabawa ma daga Turanci suka ɗauki tasu.

Idan aka jera zuri'ar, sukari ɗiyar *sukkar* ce kai-tsaye, suga kuwa tattaɓa-kunnenta ce da ta zaga Italiya da Faransa da Ingila kafin ta iso. Wanda ya ce suga gurɓatacciyar Hausa ce, sukari ce asali, ya manta cewa ita ma sukari baƙuwa ce da ta riga zuwa. Ni dai a rubutu na fi son sukari, don ta fi cika baki, amma ba na ganin laifin wanda ya ce suga.

Sunayen rake da takanda da zuma ba sa cikin wannan zuri'a.

Akwai wasu kalmomin Turanci da suka fito daga tsatson nan?

Akwai, kuma kowacce da hanyar da ta bi. *Jaggery*, sunan mazarƙwaila a Turanci, ta fito daga *chakkara* ta harshen Malayalam na kudancin Indiya, wadda ita ma 'yar *sharkara* ce. Mutanen Fotugal da suka isa gaɓar Malabar a 1498 suka ɗauko ta, Ingilishi ya karɓa daga gare su.

*Saccharin*, ƙwayar zaƙin nan da babu sukari a cikinta, daga tsohon sunan Girkanci da Latin aka ƙirƙiro ta, bayan wani masanin sinadarai mai suna Fahlberg ya gano sinadarin a 1879 a ɗakin binciken Farfesa Remsen da ke jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Ranar da kalmar Diyoskoridis ke jira ke nan. *Sucrose*, sunan sukarin rake a kimiyya, an gina ta a 1857 daga *sucre* ta Faransanci. Har wani yadi mai ratsin santsi da ratsin kaushi, *seersucker*, daga Farisanci *shir o shakar* yake, madara da sukari.

*Candy* kuwa abokiyar tafiya ce, ba 'yar uwa ba. Tushenta *khanda* na Sansakirit, gutsure, ta bi Farisanci da Larabci *ƙand*, ta shiga Faransanci a *sucre candi*. Tamu alewa daga wani gida take, *halawa* ta Larabci.

Su Indiyawan, me suke kiran sukari yanzu?

Suna da *shakkar*, amma farin sukari na yau da kullum a Hindi *chini* ne, wato na Sin, manyan ƙwayoyi masu sheƙi kuma *misri*, na Masar. Ƙasar da ta koya wa duniya sana'ar ta koma tana kiran tataccen kayan da sunayen ɗalibanta.

Ta yaya kayan taskar sarki ya zama na kowa da kowa?

Wannan ɓangaren tarihin ba shi da daɗin ji, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Rake yana cin ƙarfin mutum: sara a cikin rana, ganyen da ke yankan jiki, injin matsa da ke iya cinye hannu, tukwanen da ba a kashe musu wuta dare da rana a lokacin girbi. A ƙarni na 15 mutanen Fotugal suka dasa shi a tsibirin Madera, sannan Sao Tome a mashigin tekun Gini, inda suka ɗora aikin kan bayi 'yan Afirka. A 1493 Kolombus ya kai irin rake daga tsibiran Kanari zuwa tsibirin Hisfaniyola da ke tekun Karibiyan. Barazil ta biyo baya, sai Barbados daga shekarun 1640, sai Jamaika da Sen Domang, Haiti ta yau. Kimanin mutum miliyan 12 da rabi aka loda a jirage daga gaɓar Afirka a tsawon cinikin bayi na Atlantika, kuma gonakin rake ne suka lashe kaso mafi girma na waɗanda suka isa da rai. Araha da sukari ya yi a Landan, har leburan masaƙa ya samu na zubawa a shayi, da jinin waɗannan mutane aka biya ta.

Hausawa suna cikinsu. A farkon ƙarni na 19, lokacin yaƙe-yaƙen jihadi, an sayar da kamammu da yawa zuwa gaɓa, aka kai su Bahiya ta Barazil, yankin da ke kewaye da gonakin rake. A 1807 hukumomin Salbado, babban birnin Bahiya, suka bankaɗo shirin tawaye na bayi Hausawa, a 1809 da 1814 kuma aka yi tawayen da Hausawa ke kan gaba. A babban boren Musulmi na 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa, an sami layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Mutanen nan sun bar gida suna iya sanin kalmar sukari, suka je suka tarar da *açúcar*.

A Birtaniya kanta, a 1791, dubban ɗaruruwan mutane sun ƙaurace wa sukarin da bayi suka noma, don matsa wa majalisa lamba ta hana cinikin.

Me ya sa ake cewa ciwon suga, alhali sunan likitoci bai ambaci suga ba?

Sunan likitoci, *diabetes mellitus*, zuma ya ambata: *mellitus* a Latin na nufin mai zaƙin zuma. Likitan Ingila Tomas Wilis ne ya jawo hankali ga zaƙin fitsarin masu ciwon a shekarun 1670, a 1776 kuma Matiyu Dobson ya ƙafar da fitsarin a wuta ya ga abin da ya rage yana kama da jan sukari. Likitocin Indiya sun riga su da ɗaruruwan shekaru, sun lura tururuwa na taruwa a inda mai ciwon ya yi fitsari, suka sa masa suna *madhumeha*, fitsarin zuma. Sukarin da ke cikin jini gulukos ne, ba irin na kwali ba, amma jama'a a Hausa da Larabci da Turancin kan titi duk da sunan sukari suke kiran ciwon.

Sukarin da ba daga rake ya fito ba, shi ma wannan sunan yake amsawa?

Eh. A 1747 wani masanin sinadarai a Balin, Andreas Marggraf, ya nuna cewa saiwar wani tsiro da ake kira bit, mai kama da ƙaton farin karas, tana ɗauke da sukari iri ɗaya da na rake. Ɗalibinsa Achard ya kafa masana'anta ta farko a yankin Silesiya, cikin Foland ta yau, a farkon ƙarni na 19. Da yaƙi da Birtaniya ya toshe wa Faransa hanyar teku, Nafoliyon ya ba da umarnin a noma bit da yawa. Yau wajen kashi ɗaya cikin biyar na sukarin duniya daga wannan saiwa yake fitowa, a ƙasashe masu sanyi irin su Rasha da Faransa da Jamus, kuma kowannensu yana sayar da shi da sunan da ya gada: *sakhar*, *sucre*, *Zucker*.